Kafin Ka Zauna a Gefen Direba

Ɗana, ba ni kunnenka. Labarin wani saurayi Bature zan ba ka, makaɗin ganga, wanda ya bar duniya tun kafin a haifi yawancinku. Na san abin da za ka ce: me ya haɗa kifi da kaska? Addininmu daban, kiɗansa ba wanda kunnenmu ya saba da shi ba ne, rayuwar da ya yi kuwa ba irin wadda uba zai yi wa ɗansa fata ba ce. Duk na ji, na kuma yarda. Sai dai abin da ya ɗauke shi yana nan yana yawo a titunanmu, kuma samari irinka ya fi ɗauka.

Ainihin sunansa Nicholas Dingley, amma da Razzle aka san shi. An haife shi ranar 2 ga Disamba, 1960, a garin Leamington Spa da ke tsakiyar Ingila. Mahaifiyarsa yarinya ce a lokacin, ba ta da miji, sai ta bayar da shi riƙo. Wani mutum da matarsa suka ɗauke shi, suka ba shi sunan gidansu, suka rene shi, kuma ba su da wani ɗa sai shi. Ka riƙe wannan a ranka. In saurayi ya mutu, mutane sukan tsaya lissafin abin da shi ya rasa, su manta da gidan da ya bari. Ya fara tasowa a Coventry, daga baya iyalin suka koma Binstead, wani ƙauye a tsibirin Wight da ke kudancin ƙasar.

Yana tsakiyar ƙuruciya, a shekarun 1976 da 1977, kiɗan da ake kira punk ya ɓarke a Landan. Samari ne, da yawansu 'ya'yan talakawa marasa aikin yi, suka gaji da manyan makaɗan rock waɗanda kuɗi ya raba su da jama'a, masu jan waƙa ɗaya ta yi minti goma. Suka ce kowa ma zai iya, ba sai wanda ya je makaranta ba. Sex Pistols da The Clash da The Damned a Ingila, Ramones kuma a New York, suka riƙa fitar da waƙoƙi gajeru, minti biyu ko uku, da gudu da tsawa da fushi. Yaron ƙauyen Binstead ya ji wannan kira, ya zaɓi ganga.

Bari in kwatanta maka aikin, don kada ka ɗauka hayaniya ce kawai. A irin wannan ƙungiya mawaƙi ne a gaba, masu jita a gefe da gefe, makaɗin ganga kuwa yana can baya a zaune, jerin ganguna sun kewaye shi. Babbar tana kwance a ƙasa, da ƙafar dama yake taka ta. Ƙafar hagu tana buɗe wasu fayafayan tagulla biyu tana rufewa. Hannuwa biyu, kowanne da sanda, suna kai-kawo tsakanin wata ƙaramar ganga mai kaifin amo da sauran 'yan'uwanta. Gaɓa huɗu, kowace da nata aikin, duk a lokaci guda, awa ɗaya ko fiye, ga zafin fitilu, ga gumi yana shiga ido. Mawaƙi in ya manta baiti yana iya rufewa da ihu. Mai jita in ya kuskure, ƙara ta haɗiye kuskuren. Amma in makaɗin ganga ya saɓa, kowa ya saɓa, kamar mata masu lugude, in ɗaya ta yi lattin ɗaga taɓarya sai taɓare su yi karo. Wato wannan yaro ya san abin da ake nufi da mutane su jingina da kai, ya kuma san cewa rabin daƙiƙa ba wasa ba ce. Da ita yake cin abinci.

A 1980 ya tattara ya koma Landan. Ya yi ta kiɗa a ƙananan ƙungiyoyin punk, waɗanda yau aka manta da yawancinsu, har ya zauna da wata mai suna The Dark. Ana haka sai ga wasu samari daga ƙasar Finland sun sauka a birnin, ƙungiyarsu Hanoi Rocks. A Helsinki aka kafa ta a 1979, sun kuma sha wuya a Stockholm, har kwanan titi sun yi, kafin su ƙetaro. Mawaƙinsu Michael Monroe, masu jita Andy McCoy da Nasty Suicide, sai Sami Yaffa mai jita mai kaurin amo. Kiɗansu gauraye ne: gudun punk da nauyin rock. Razzle ya kalli wasansu a wani gidan rawa, ya bi su bayan dandamali, ya ce musu kai tsaye shi ne ya dace ya zama makaɗinsu. Ga shi kuwa a lokacin dangantaka ta yi tsami tsakaninsu da makaɗinsu na da, Gyp Casino. A 1982 aka sallami wancan, aka ɗauke shi. Har hotonsa aka sa a bangon faifansu na Self Destruction Blues, alhali bai buga ko sanda ɗaya a cikinsa ba, don an riga an naɗi waƙoƙin kafin zuwansa.

Abokan aikinsa sun sha faɗa daga baya cewa shi ya farfaɗo da ƙungiyar. Ba wai ya fi kowa gwaninta ba ne. Mutum ne mai fara'a, mai barkwanci, wanda in ya shigo ɗaki husuma takan kwanta. Ya same su a gajiye, ga talauci, ga ƙwaya ta fara cin wasunsu, ya dawo musu da dariya. A 1983 suka fitar da Back to Mystery City, suka yi wasa har Indiya da Japan, suka naɗi wasansu na gidan Marquee a Landan. Sai babban kamfanin CBS ya ɗauke su, aka haɗa su da Bob Ezrin, mutumin da ya yi aiki da Alice Cooper da Kiss da Pink Floyd, ya tsara musu faifan Two Steps from the Move a 1984. Abin da ya rage shi ne Amurka, domin a wannan sana'a wanda ya ci kasuwar Amurka ya gama.

A watan Nuwamba na 1984 suka fara rangadinsu na farko a can. Ba su yi nisa ba, a garin Syracuse, Michael Monroe ya karye a idon sawu a kan dandamali. Dole aka soke wasu wasanni. Suka wuce Los Angeles suna jiran ya ji sauƙi, ba aiki, ba abin yi sai zama. Razzle ya cika shekara 24 a cikin wannan tafiya. Kwana shida bayan haka, ranar 8 ga Disamba, yana gidan Vince Neil a Redondo Beach, bakin teku. Vince Neil shi ne mawaƙin Mötley Crüe, ƙungiyar da a lokacin tauraronta ke haskawa, faifansu yana tafiya kamar wutar daji, shi kuma yana da shekara 23, ga kuɗi, ga suna. An daɗe ana sha a gidan. Can aka duba aka ga giya ta ƙare.

A nan nake so ka tsaya ka duba da kyau, ɗana, domin duk labarin a nan yake. Kantin giyar ba nisa. Maigidan ya ɗauki makullin motarsa, De Tomaso Pantera, ƙirar Italiya, mai kujera biyu kacal, da ƙaton injin Ford a bayan kujerun, motar da in ka taɓa totur kaɗan take zabura. Ya bugu. Razzle ma ya sha. Ya buɗe ƙofa, ya zauna a kujerar gefe. Sun je lafiya, sun saya. A kan hanyar dawowa, bayan faɗuwar rana, ana gudun da ya wuce ƙa'idar titin nesa ba kusa ba, mota ta ƙwace, ta tsallaka hannun masu tahowa, ta yi taho-mu-gama da wata. Aka ɗauki Razzle zuwa asibitin South Bay, likitoci suka ce rai ya yi halinsa. Direban kuwa ƙananan raunuka ya samu. Da aka auna jininsa aka sami barasa 0.17 cikin ɗari, alhali iyakar da dokar Kalifoniya ta yarda da ita a lokacin 0.10 ce. A gida abokai suna ta jira. Da shiru ya yi yawa Andy McCoy ya fita nema, ya tarar da tarkacen mota da 'yan sanda. Shi ya kai wa sauran labari.

Ka san abin da maye yake fara ci a jikin mutum? Kafin harshe ya karye, kafin ƙafa ta fara tangaɗi, sashen ƙwaƙwalwa mai auna haɗari ne yake fara yin sanyi. Shi ya sa mashayi ba ya jin ya rage, ji yake ya ƙaru. In ya ce maka ras yake, ba ƙarya yake yi da gangan ba, ma'aunin da zai gane halinsa da shi ne ya lalace. Daga nan sai ido ya rage hangen gefe, lissafin nisa ya rikice, saƙon da ke tashi daga ido zuwa ƙafar birki ya riƙa makara. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Ka ga jinkirin daƙiƙa ɗaya ya isa ya kai ta inda ba a dawowa. Kuma babu dabarar da ke gaggauta fitar barasa daga jini. Ba gahawa, ba goro, ba wanka da ruwan sanyi. Hanta ce ke aikinta a hankali, awa bayan awa. Duk wanda ya ce maka ya wanke fuska ya wartsake, fuskar kawai ya wanke.

To, Razzle ba shi ya tuƙa ba. Bai taka totur ba, bai murɗa sitiyari ba. Abu ɗaya ya yi: ya zauna. Mu kuwa mun saba ɗaukar zama a mota kamar ba wani hukunci ba ne, kamar direba ne kaɗai mai yanke shawara, fasinja kaya ne. Ba haka ba ne, ɗana. Lokacin da ka ja ƙofa ka rufe, ka miƙa wa wani mutum ranka, da hawayen uwarka, da duk wahalar da aka sha a kanka tun kana zanen goyo. Kafin ƙofa ta rufu kana da iko cikakke. Bayan ta rufu, sai roƙo. Ina kuma so ka lura da dalilin da ya sa mutum mai hankali yake zama a irin wannan kujera. Sau da yawa ya ga alama sarai. Kunya ce ke zaunar da shi. Maigida ne, a gidansa kake, abincinsa ka ci, ya fi ka suna, ya fi ka kuɗi, ga mota wadda kowa ke sha'awar a gan shi a ciki, ga abokai suna kallo. Yaya za ka ce masa ba ka yarda da tuƙinsa ba? Sai ka ce a ranka ai nan da nan ne. Mu Hausawa mun ɗauki kunya da daraja, ni ma ina koya muku ita, ba zan kuma daina ba. Amma kunyar da za ta sa ka shiga motar wanda ya bugu ba tarbiyya ba ce, rauni ne, kuma ban koya maka ita ba.

Akwai kuma abin da ba zan ɓoye maka ba don ina tausayin mamaci. Shi ma ya sha. Da idonsa biyu, mai yiwuwa da ya ga abin da kowane mai ido zai gani. Wanda ya gusar da hankalinsa ya zubar da makamin da zai kare kansa da shi daga gangancin wani. Wannan yana daga cikin hikimar da ta sa addininmu bai ce a sha kaɗan ba, ya toshe ƙofar gaba ɗaya.

Sai mutanen da ke cikin gidan. Cike yake da abokai, kuma motar ta tashi. Kada ka ce zamanin jahilci ne, ba a san illar abin ba. A jihar Kalifoniya ɗin nan, a 1980, wata uwa mai suna Candy Lightner ta kafa ƙungiyar iyaye mata masu yaƙi da tuƙi cikin maye, bayan wani mashayi ya take 'yarta mai shekara 13. A watan Yulin 1984, wata biyar kafin wannan dare, Shugaba Reagan ya sa hannu a dokar da ta matsa wa jihohi su mayar da shekarun sayen giya 21. Maganar tana rediyo, tana talabijin, tana jarida. Sani bai yi ƙaranci ba. Abin da aka rasa shi ne mutum ɗaya mai ido biyu da zai tsaya a bakin ƙofa ya karɓe makulli, ya jure zagin minti biyar. Abota ta gaskiya a wannan wuri take bayyana. Wanda ya bar ka ka hau titi a buge don kada ranka ya ɓaci, ransa yake so, ba kai ba.

Kada kuma mu manta da ɗaya motar, domin masu ba da labarin taurari sukan ambace ta a layi ɗaya su wuce. Matasa biyu ne a ciki, mace da namiji, ba wanda ya haura shekara 20. Ba su je liyafar ba, ba su sha komai a gidan ba, suna tafiya a hannunsu bisa ƙa'ida. Dukansu sun ji munanan raunuka, har da taɓuwar ƙwaƙwalwa, irin raunin da ba a sallamarsa tare da sallamar asibiti. Babu faifan da aka sadaukar musu, babu mai sa riga da hotonsu. Ni dai in na tuna wannan haɗari, su suka fi tsaya mini a rai. Fasinjan da ya yi shiru ya bar mashayi ya tuƙa, ba ransa kaɗai ya sa a caca ba, har da ran bayin Allah da ke tahowa, waɗanda ba wanda ya yi shawara da su.

Ka ji yadda shari'a ta ƙare. An kama Vince Neil da laifin kisa ba da niyya ba da tuƙi cikin maye. Hukuncinsa: kwana 30 a gidan yari, shekara 5 ana sa masa ido, awa 200 na yi wa al'umma hidima, da diyyar dala miliyan 2.6. Kwana talatin ɗin ma bai cika su ba, wajen rabi ya yi aka sake shi. Shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa ya cancanci ɗauri na gaske, kuɗi ne suka fitar da shi. Ƙungiyarsa ta sadaukar da faifanta na 1985, Theatre of Pain, ga Razzle, ta ci gaba da cika filaye. A 2003 suka tattara tsofaffin waƙoƙinsu suka sa wa tarin suna mai nufin kiɗan da za ka yi haɗarin mota da shi, abin da ya ƙona ran Michael Monroe, ya kuma cancanci ya ƙona ran duk mai mutunci. A 2010 aka sake kama mutumin nan a Las Vegas yana tuƙi a buge, kotu ta yanke masa kwana 15. Ba na faɗar wannan don in ce ba ya da zuciya. Abin da ke cikin ƙirjinsa Allah ne masani, ɗaukar alhakin rai kuwa ba kaya ne mai sauƙi ba ko ga wanda kotu ta sassauta wa. Abin da nake nuna maka shi ne rabon da aka yi. Mai motar yana da lauyoyi, yana da kamfani a bayansa, yana da shekaru masu yawa a gabansa. Na kujerar gefe an mayar da shi Binstead, an binne shi a harabar cocin ƙauyen, iyayen da suka ɗauko shi jariri suka koma gida su biyu.

Hanoi Rocks ta wancan zamani ba ta ƙara miƙewa ba. A farkon Janairun 1985 sun yi wasa a Helsinki da Terry Chimes, tsohon makaɗin The Clash, a kan ganguna. Gwani ne, amma ba gwaninta suka rasa ba. Sami Yaffa ya fita, kafin shekarar ta ƙare ƙungiyar ta watse. Bayan 'yan shekaru Guns N' Roses ta fito daga Los Angeles ta mamaye duniya da salon da su da kansu suka ce sun koya daga waɗannan samari, har suka sake buga tsofaffin fayafayan Hanoi Rocks a Amurka don girmamawa. Tafiyar 'yan mintuna zuwa kanti ta cinye wahalar shekara biyar ta mutum biyar.

Yanzu dawo gida. Za ka ce mu ai ba a shan giya a fili a garinmu. Na ji. Amma ni da kai mun san abin da ake sha a ɓoye. Mun san kodin, wanda sai da gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da maganin tarin da ke ɗauke da shi da kuma haɗa shi a 2018, saboda yadda ya ci samari da 'yan mata har da matan aure. Mun san tramol, da wiwi, da ƙwayoyin da ake haɗiya da shayi wai don a kori barci. Je ka tasha da asuba ka tsaya ka kalla. Za ka ga direban da ya kwana a hanya, ido ja wur, leɓe a bushe, yana magana da sauri-sauri, yana dukan saman mota yana cewa saura mutum ɗaya. Za ka ga fasinjoji sun dube shi, sun dubi juna, sun shiga, har ana rige-rigen gidan gaba. In an hau hanya ya fara gudun wuce sa'a, tsohuwa ɗaya ce za ta ce, direba don Allah a hankali, sai wani saurayi daga baya ya ce, Hajiya ƙyale shi, sauri muke. Ka kuma dubi ranar ɗaurin aure ko kai amarya, yadda abokan ango ke cika mota, wasu a kan taga, ana tsere, ana juyi a tsakiyar titi, ana tafi. Gidaje nawa ne aka shiga da guɗa aka fito da salati? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. In aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya asara, alhali ita ce mai ƙarancin motoci.

Na san amsar da ake ba mu, don an sha ba ni ita: tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kowa da kwanansa. Gaskiya ne, ajali a hannun Allah yake, ba mai ƙara minti ko ragewa, wanda ya yi shakkar wannan ya sake duba imaninsa. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa a ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali, sun kuma karantar da mu cewa rai amana ne da za a tambaye mu a kansa. Ƙaddara abin da muke rarrashin zuciya da shi ne bayan abu ya faru. Ba lasisin ganganci ba ce kafin ya faru. Mutumin da ya ga direba yana layi ya shiga yana cewa Allah ya tsare, ya roƙi tsari da baki ya ƙi shi da ƙafa. Ko da kuwa kwananka bai ƙare ba, akwai keken guragu, akwai kwanciyar shekaru ana juya ka, akwai ɗan wani da za a take kana zaune a ciki.

Saboda haka ga abin da nake roƙonka, kai ɗana, da ke 'yata, don ke ma ana tsayawa a ƙofar makaranta ko wurin biki a ce ki shigo a rage miki hanya. Ku yanke hukuncin tun yau, da rana tsaka, kuna cikin hankalinku, domin a bakin ƙofar mota ba a samun lokacin tunani. Kafin ka shiga, dubi idon mai tuƙi, ka saurari harshensa, ka ja shi da magana in ta kama. Kada ka fita biki ko tafiya ba tare da kuɗin motar dawowa a aljihunka ba, don rashin na mota ya zaunar da mutane da yawa inda ba su so. In abokinka ne, karɓi makullin, ka bar shi ya zage ka, gobe ma rana ce. In babba ne wanda ba ka iya karɓe masa, nemi uzuri cikin ladabi ka zame. In kun riga kun hau hanya ka ga abin ya sauya, yi magana da ƙarfi, kada ka bar tsohuwar nan ita kaɗai. In ya ƙi ji, ka ce a tsaya, ka sauka a gari na gaba, ka yafe kuɗin.

Ku kuma iyaye 'yan'uwana, in yaro ya buga waya da tsakar dare ya ce yana wuri kaza, wanda ya kawo shi ba ya cikin hayyacinsa, a je a ɗauko shi. A ajiye faɗan sai da safe. Yaron da ya san duka ne ke jiransa ba zai kira ba, motar zai shiga.